Na'urar auna hawan jini a gida: ta ci kuɗinta, in dai tana hannun mai ita

Sefa 35,000 na biya a wani farmasi da ke tsakiyar garin Garwa a Kamaru, kuma ban yi da-na-sanin ko dala ɗaya ba. Na'urar auna hawan jini ce irin wadda ake ɗaurawa a damtse, ƙirar wani kamfanin Japan, tana aiki da ƙananan batura huɗu masu lamba AA. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don ba talla na zo yi ba, kuma akwai ire-irenta masu kyau daga kamfanoni da dama. Abin da nake so in faɗa wa masu tsofaffi a gida shi ne abin da ta iya, abin da ta kasa, da kuma yadda za ta iya zama alheri ko ta zama ƙangi, gwargwadon wanda ke riƙe da ita.

Mahaifiyata na saya wa. Inna ta haura saba'in, kuma tun ina ƙarama sana'arta ɗaya ce a unguwarmu ta Yelwa: man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ranar Lahadi takan tafi kasuwar Pitowa ta zaɓo gyaɗarta da kanta, ta ɓare ta ɗanɗana kafin ta yi ciniki. Ita ce kuma uwar adashin matan layinmu. Bara da bazara jiri ya ɗebe ta a bakin murhu, aka kai ta asibiti, aka ce tansiyonta, wato awon jininta, ya kai 18/10, aka ɗora ta a kan magani. Ƙanena da ke aiki a Yawunde, wanda shi ke turo kuɗin magani, ya tsorata ƙwarai, ya kafa doka ta waya: ba kasuwa, ba tuya, ba zuwa biki ko suna, sai zama. Da kyakkyawar niyya ya yi, na sani. Amma kafin damina ta yi nisa, matar da ke tashin gida da asuba ta koma mai yini a kan tabarma tana kallon ƙofa. Ta rage cin abinci. Ta miƙa littafin adashi ga wata. Wannan ya fi tsorata ni fiye da 18/10 ɗin.

Wata malamar asibiti ce ta ba ni shawara a ranar da muka koma awo. Ta ce awon da ake yi wata-wata, bayan tsohuwa ta hau babur cikin rana ta kuma bi layi, ba ya nuna ainihin yadda jininta yake a sauran kwanaki. Ta ce in da hali mu sami na'ura a gida, mu riƙa rubutawa a karne, wato ɗan littafi, mu kawo wa likita.

A cikin kwalin akwai na'urar kanta, wadda ba ta wuce tafin hannu biyu ba, da ɗamarar da ake naɗawa a damtse haɗe da siririn tiyo, da batura, da takardar bayani cikin Faransanci da Ingilishi da wasu harsuna. Maɓalli ɗaya ne babba a gabanta. Ka danna, ɗamarar ta kumbura ta matse hannu, ta saki a hankali, lambobi uku su fito: na sama, na ƙasa, da bugun zuciya a minti. Wannan maɓalli guda shi ne babban abin yabonta a wurina. Inna ba ta yi boko ba, amma wadda ta shekara hamsin tana ƙirga kuɗi ba a koya mata lamba. Lambobin manya ne, tana ganinsu ba tabarau in akwai haske.

Kafin ka biya kuɗi, auna damtsen tsohonka da tef ɗin tela, a tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Ɗamarar da ta zo da tamu ta santimita 22 zuwa 32 ce, an rubuta a jikinta. Ta yi wa Inna daidai don ba ta da jiki. Wata maƙwabciyarmu mai ƙiba ta zo ta gwada, da ƙyar ɗamarar ta haɗu, lambar da ta fito kuwa ta tayar mata da hankali. Ɗamarar da ta yi wa hannu kaɗan tana ƙara lamba, wadda ta yi yawa kuma tana iya ragewa. Akwai mai kaiwa santimita 42, sai dai a nan Garwa sai ka nema, kuma mai farmasin bai tambaye ni girman hannun mai amfani da ita ba. Ya kamata a ce wannan ce tambayar farko da mai sayarwa zai yi.

Akwai kuma ruɗanin lamba da ya kamata kowa a ƙasar nan ya sani. A asibitocinmu za a ce maka sha huɗu bisa tara, a rubuta 14/9. Na'urar kuwa 140 da 90 za ta nuna maka. Abu ɗaya ne, ma'auni ne ya bambanta: asibiti na lissafi da santimita, na'ura da milimita. Ranar farko da Inna ta ga 152 a gilashin, salati ta saka, don ita 18 ta sani a matsayin tashin hankali, ga shi ta ga ɗari da hamsin. Sai da jikarta ta rufe lambar ƙarshe da ɗan yatsa ta ce, "Kaka, duba, sha biyar ne," sannan ta sauke ajiyar zuciya. Iyakar da likitoci ke amfani da ita a asibiti 140/90 ce, amma ga awon gida 135/85 ce, saboda mutum ya fi natsuwa a ɗakinsa. Ga tsoho kuwa, likitansa ne zai faɗi lambar da ake so ya tsaya a kai, domin ba kowane mai shekara saba'in ko tamanin ake matsa wa ya sauko can ƙasa ba.

Yadda ake awon ya fi na'urar muhimmanci, kuma nan ne mutane ke ɓata kuɗinsu. Ga yadda Inna ke yi yanzu. In ta idar da sallar asuba ta gama lazimi, sai ta zaga bayi tukuna, don cikakkiyar mara tana ɗaga lamba. Ta zauna a kujerar roba mai majingina, ba a tabarma ba, ƙafafu biyu a ƙasa ba a harɗe ba. Ta zare hannun hagu daga riga gaba ɗaya, maimakon ta naɗe hannun rigar ya shaƙe damtse. Ta zura ɗamarar ta tsaya kamar yatsa biyu sama da lanƙwasar gwiwar hannu, tiyon yana bin cikin hannu zuwa tafi. Ta ɗora hannun a kan ƙaramin tebur da muka sa wa matashi don ya zo daidai da ƙirji. Sai ta yi shiru na minti biyar, carbi a hannun dama, kafin ta danna. Ba magana yayin da ɗamarar ke kumbura, ko da sallama aka yi a ƙofa. Duk wannan kafin ta sha magani, kafin koko, kafin goro. Goro na ɗauke da sinadarin da ke cikin kofi, haka ma shayin nan mai kauri da ake dafawa a ƙaramar buta, kuma ana so a bar aƙalla rabin awa tsakaninsu da awo. Rabuwa da goron safe na wannan ɗan lokaci shi ne abin da ya fi yi mata wuya a duka lamarin.

Likitan ya ba mu ƙa'idar da likitocin da suka yi karatu a tsarin Faransa ke bayarwa: awo uku da safe, awo uku da dare kafin barci, kwana uku a jere, a bar minti ɗaya ko biyu tsakanin awo da awo. Ana yin haka kafin ranar ganin likita, ko in an canza magani. Sauran lokaci ya ce sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar. Inna ke rubuta lambobin da hannunta a wani littafin 'yan makaranta, manya-manya, kowane layi da ranarsa.

Wannan littafi ya nuna mana abubuwan da awon asibiti bai taɓa nunawa ba. Na farko, lambarta a gida takan yi ƙasa da ta asibiti sosai. A can za a sami 16/9, a gida kuwa yawanci tana yawo tsakanin 130 da 140. Na biyu, akwai wani mako da lambobin suka hau ba dalili. Da likita ya bi diddigi, sai ta fito da wasu ƙwayoyi daga ƙullin zaninta, maganin ciwon gwiwa da ta saya a hannun mai tallan magani a kwando. Diclofenac ne. Shi da ibuprofen da danginsu suna ɗaga hawan jini, suna rage ƙarfin maganinsa, suna kuma wahalar da ƙoda, ga shi su ne abin da tsofaffinmu suka fi sha don ciwon gaɓoɓi. Ban san iyakar gidajen da ake shan maganin hawan jini da safe a rushe shi da na gwiwa da rana ba, amma a layinmu kaɗai na ga da yawa.

Na uku shi ne wanda ya sa na ce na'urar ta biya kuɗinta. Kowa ya san Garwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kogin Binuwai ya janye ya bar yashi. Azumi kuma ya faɗo cikin wannan zafi. Inna ta fara cewa in ta ɗago daga sujada ko ta miƙe daga zaune sai ta ga duhu-duhu. Da a da ne, da mun ce jinin ne ya hau, wataƙila ma wani ya ce ta ƙara ƙwaya. Da ta auna sai ga 104 da 62. Ashe sauka ya yi. Ɗaya daga cikin magungunanta mai sa fitsari ne, ga gumi, ga ƙishirwar azumi, jiki ya bushe. Muka kai littafin, likita ya gyara maganin ya kuma sauya lokacin shansa, ya ce ta riƙa zama a bakin gado kaɗan kafin ta miƙe. Jirin ya tafi. Faɗuwa ɗaya a bayi tana iya karya ƙugun tsohuwa ta kwantar da ita har abada, kuma ba mu da wata hanyar gane bambancin jirin hawa da jirin sauka sai da awo.

Daga nan ne maganar doka ta taso. Na ɗauki hoton shafukan na tura wa ƙanena ta WhatsApp, na kuma sa shi a waya ranar da muke gaban likita. Likitan bai yi kwana-kwana ba. Ya ce zaman da aka sa ta yi ba magani ba ne, ƙari ne a kan ciwo. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya na son wanda ya wuce shekara 65 ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da kuma motsin da ke ƙarfafa ƙafa da tsayuwa don gudun faɗuwa. Inna ta karɓi wayar ta ce, "Ka ji ko, ɗan nan? Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi." Ya yi dariya ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Inna, tsoro ne ya sa." Aka yi sulhu. Ta koma Pitowa, amma da sassafe, tare da jika mai ɗaukar buhu. Ta koma tuya, amma wata yarinya ke tsayawa a bakin wuta, ita tana zaune a inuwa tana murza ƙuli tana duba launin mai. Littafin adashi ya dawo hannunta.

A nan nake da ra'ayi mai ƙarfi. Na ga gidan da aka sayi irin wannan na'ura aka kulle ta a ɗakin babban ɗa, sai ya dawo daga aiki ya kira tsohon ya auna shi, in lamba ta hau a hau shi da faɗa: me ka ci, ina ka je. Tsohon ya fara ɓoye abin da yake ji, ganin na'urar ma kaɗai na sa gabansa faɗuwa, lambar kuma ta ƙara hawa. Wannan ba kula ba ce. Dattijon da ya riƙe gida shekara arba'in ya cancanci a koya masa ya auna kansa, ya rubuta, ya riƙe littafinsa, ya yi wa likita bayani da bakinsa. Tamu tana cikin kwanon samira a ɗakin Inna, kusa da Alƙur'aninta, kuma ba wanda ke taɓawa sai da izininta. In hannu na rawa ko ido ya yi rauni, a taimaka wajen ɗaurawa, amma a bar masa maɓallin.

Sai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Gilashin ba shi da fitila, kuma lokacin awo asuba ne da dare, daidai lokacin da wuta ta fi ɗaukewa, don haka sai da tocila a kusa. Wayar da ake haɗa ta da lantarki ba ta cikin kwalin, daban ake saye. Baturan kasuwa masu arha ba sa jimawa, domin famfon da ke kumbura ɗamarar yana cin wuta, gara a daure a sayi masu ƙarfi. Takardar bayanin ta ce a yi amfani da ita tsakanin digiri 10 da 40, ɗakin kwano a Garwa da azahar kuwa yakan wuce haka, shi ya sa ba ma awo da tsakar rana a bazara, ba ma kuma barinta kusa da taga. Ƙurar hunturu na cika maƙalar ɗamarar har ta daina kamawa sosai, sai an riƙa gogewa da tsohon buroshin haƙori. Tana ajiye awon baya a cikinta, amma in mutum biyu suka yi amfani da ita sai lambobin su cakuɗe, don haka littafi ya fi. Kuma babu kalma ɗaya ta Hausa ko Fulatanci a takardar. Da hotuna kaɗai aka yi bayanin zama da ɗauri da kyau, da an taimaki dubban gidaje.

Akwai wata alama mai siffar zuciya da kan fito in bugun bai tafi daidai ba. In ta fito sau ɗaya, wataƙila motsi aka yi. In tana yawan fitowa, a gaya wa likita, domin rikicewar bugun zuciya na yawaita da tsufa, tana kuma cikin abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki.

Na'urar ba likita ba ce, kuma akwai hanyoyi biyu da na ga tana cutar da mutane. Wani in ya ga lamba ta yi kyau sai ya ajiye magani, ya ce ya warke, alhali maganin ne ya sa ta yi kyau. Wata kuma in maƙwabciya ta zo aka auna aka ga ya hau, sai ta ɓallo mata ƙwaya daga nata. Inna na auna matan adashi in sun roƙa, amma mun yi yarjejeniya da ita: lamba kawai za ta rubuta musu a takarda su kai asibiti, ba ta ba da ko rabin ƙwaya. Ta haka aka gano mutum biyu a cikinsu da ba su taɓa sanin suna da hawan jini ba. Ban yi mamaki ba, don rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce masu hawan jini a duniya sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kuma kusan rabinsu ba su san suna ɗauke da shi ba. In kuwa lamba ta kai 180 a sama ko 120 a ƙasa, a huta a sake aunawa, in ta tsaya a nan a nemi likita a ranar. In ta zo da ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, ko karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ba a sake awo, ba a jiran safiya, ba a tsayawa shafa mai da tofi kaɗai. A nemi mota a tafi, a yi addu'ar a hanya.

Wani amfani da ban zata ba: ta sasanta mu a kan tukunya. Shekaru ina cewa a rage gishiri ba a ji. Abin da ake so ga babban mutum bai kai giram 5 a yini ba, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, ga shi mu muna haɗa gishiri da dunƙulen ɗanɗano da kanwa a miya ɗaya, kuma dukkansu suna ɗauke da sinadarin sodiyam da ke ɗaga jini. Da Inna ta ga da idonta yadda lamba ke hawa washegarin biki, ita da kanta ta koma wa daddawa da busasshen kifi da citta da tafarnuwa, ta rage kunun kanwa. Tana shan zoɓo, wanda a nan muka fi kira folere, ba sukari da yawa. An yi bincike da ya nuna yana ɗan sauke jini, amma ɗan kaɗan ne, ba ya maye gurbin ƙwaya, kuma ta gaya wa likitanta tana sha.

Ga mai niyyar saye, ta damtse za ka nema, ba ta wuyan hannu ba. Wata ƙawata ta sayi ta wuyan hannu a kasuwa da kuɗin da bai kai sulusin nawa ba, ba sunan kamfani a jikinta, in ka auna sau uku a jere sai ta ba ka lambobi uku da ba su san juna ba. Ko mai kyau ce, ta wuyan hannu na bukatar a riƙe ta daidai da zuciya ba kuskure, abin da ke wa tsoho wuya. Duba lambar samfurin da ke jikin kwalin, ka sa wani mai intanet ya nema a shafin STRIDE BP, inda ƙungiyoyin likitocin hawan jini na duniya ke jera na'urorin da aka gwada aka tabbatar da ingancinsu. Karɓi rasit. Ranar ganin likita ta farko ka tafi da ita a gwada ta gefe da gefe da ta asibiti a hannu ɗaya, a kuma auna hannu biyu a ga wanda ya fi nuna lamba mai yawa, don shi za a riƙa bi daga baya. In kuɗin ya yi wa gida ɗaya nauyi, gida biyu ko uku na iya haɗa hannu, ko a fitar daga adashi, kowane tsoho da littafinsa, muddin ɗamarar ta yi wa kowa daidai.